Jinjirin watan da na rasa a Madarumfa

Mun tashi da asuba daga Maradi, ni da abokin aikina mai koyar da lissafi a lisenmu, makarantar sakandare, a kan motona, wato babur, madubin hangen taurari ɗaure a bayan moton. An ce malamin da ya aika hoton jinjirin wata mafi kyau, shi za a kai horo Yamai. Ni na daɗe da sa rai. Shi kuwa rakiya ya zo, wai ya gaida gwaggonsa a Safo.

Hanya ba laifi, sai amalanken jakuna da ba su san ana sauri ba. A Safo gwaggon ta cika mu da fura har na ji tsoron hawa moto. Da hantsi muka isa Madarumfa, muka sami inuwa bakin tafki. Soyayyen kifi dala ɗari, mai kifin ta rantse ragi ta yi mana.

Hoton sama ba irin na waya ba ne. Kowane fayil yana da kai, wato rubutun da ke manne da shi mai faɗin lokaci da wuri da sunan wanda ya ɗauka, kuma da shi alƙalan gasar ke aiki. Ni na rubuta shirin da ke cika wannan kai a ordinata, wato kwamfuta, na sa ya riƙa buga sunana da kansa.

Rana ta faɗi, ga gajimare a yamma. Na yi ta leƙe har wuyana ya ƙage. Da aka kira magariba na tafi alwala, na ce wa abokin nawa ya tsare mini kaya kawai. Ina wanke ƙafa gajimaren ya tsage, mutumin nan ya gyara saiti ya danna maɓallin ɗaukar hoto. Kafin in iso gajimaren ya sake rufewa. Na duba hoton, wata siriri kamar yankan farce, tsaf. Masunta suka taru suna sa masa albarka, ni ko kallo.

Washegari a gida na buɗe kan fayil ɗin, ga sunana zaune daram. Shi bai ma san akwai wannan rubutu ba. Na yi shayi, na dawo, na sake fita. Madubi nawa, shiri nawa, man moto nawa! Amma ba ni na danna ba. Na rubuta layi guda, sunana ya fita nasa ya shiga, na aika ina tsaki.

Shi aka zaɓa. Na yi masa barka, kuma har yau raina bai huce ba, ba zan ɓoye muku ba. Abin da tafiyar ta koya mini, faɗin gaskiya bai hana zuciya zafi.

Jiya ya shigo da fara'arsa, ya kira ni yadda ake kiran malamai a nan, ya ce, "Mushe, ka ara mini madubin nan in tafi da shi Yamai mana."

Na ce masa in na yi shawara zai ji.