Muryar Yaya a Cikin Agogo

Salamu alaikum ƙawayena da 'yan uwa na nan. Kun ji ni shiru kwana tara, har wasu sun biyo ni ta saƙo wai ko miji na samu na ɓuya. Ina fa. Yau labarin wani mutum na kawo muku, wanda ya bar duniya amma har yanzu sau uku a rana yana yi wa Mama faɗa.

Yayana ne. Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, bakwai ga wannan wata, da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu kacal. Daga Allah muke, kuma can za mu koma.

Yaya, bari in yi da kai kai tsaye, don ban saba maganarka a bayan idonka ba.

Har yanzu in na rufe ido ɗakin aikinka nake gani. Teburin nan mai gajeriyar ƙafa da ka tokare da mataccen batir. Ƙananan notuna cikin murfin kwalba. Rana ta shigo ta taga, hayaƙin dalma na tashi siriri a cikin hasken, a hankali, kamar ba ya son tafiya. Ni ina kan kwali ina zuba maka surutu, kai kana ta "uhm, uhm", ba ka ji ko ɗaya ba.

Shekara uku kai da abokinka Dogo kuna kan abu guda: ɗan agogo mai magana, bai fi tafin hannu ba, mai tuna wa tsofaffi shan magani. Saboda Mama ka fara, don tana manta maganin hawan jininta. Ko in ce tana yin kamar ta manta.

Kun sha wuya, wallahi. Na farko batirinsa ya kumbura kamar an hura. Na biyu maɓallin ya yi wa yatsan Mama tauri, ka watsar da shi duka, don dokarka ce: abin da Mama ba ta iya kunnawa ido rufe ba, ba ya fita ɗakin nan. Wani mai hali ya zo ya jujjuya shi ya ce, "Me ya hana ku sa wannan a waya?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, babata ko kira sai an amsa mata." Ya yi dariya, bai sake dawowa ba. Da masana'anta ta gama ƙerawa kuma, kayan suka yi wata biyar a tashar jirgin ruwa.

To ranar da kwalayen suka iso fa? Agogo ɗari biyar! Muryata ce za ta fito a ciki. Sau ashirin na ɗauka, ina cikin durowar kaya don kar a ji ƙara, ina ta yanga: "Lokacin shan magani ya yi." Duk ƙawayena na gaya musu na zama tauraruwa.

Dogo ya buɗe ɗaya ya danna. Sai muka ji kai, da muryar nan taka mai kauri:

"Mama, a sha magani. Ina ganinki fa, kar ki tura shi ƙarƙashin matashi." Har da 'yar dariyarka a ƙarshe.

Ashe muryar gwaji ka aika wa masana'anta. Duka ɗari biyar ɗin! Dogo ya zauna daɓas a ƙasa. Ni na fashe da kuka. Kai ka yi dariya har da hawaye, sannan ka ce, "Yi haƙuri Auta, ni na ɓata, ni zan gyara." Kullum da yamma sai ka kwance noti huɗu, ka jona waya, ka goge muryarka ka sa tawa, ka ɗaure. Ɗaya bayan ɗaya. Ta cikin kwamfuta ma ka goge, wai kunya take ba ka.

Bayan rasuwarka na bi wayata kaf. Ni da nake ɗaukar komai, har kyanwar maƙwabta, ban da muryarka ko ta daƙiƙa ɗaya. Ba ka saƙon murya, "To" kawai kake rubutowa. Kwali ɗaya ya rage ba ka gyara ba, kuma nan kaɗai muryarka ta saura a duniya.

Shekaranjiya Dogo ya zo da sukundireba. Ya ce, "Auta, masu kantin magani suna jira, dole in ƙarasa." Na nuna masa kwalin, don na san wahalarku ce. Sai ga Mama a bakin ƙofa.

"Dogo, nawa suka rage?"

"Ashirin da huɗu, Mama."

"Ajiye ƙarfen nan."

Ta ɗauki uku: nata, na Anti matarka, da na 'yarka, in ta yi wayo ta ji yadda babanta yake dariya. Ta ce, "Sauran ku kai su haka. Akwai iyayen da ba su da mai yi musu faɗa."

Jiya da la'asar ina tsakar gida na ji ka daga ɗakinta, kana cewa kana ganinta. Na ji ƙarar kofi. Sai ta ce a hankali, "Na sha, sarkin sa ido."

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa duk tsohuwar da ta sha magani a kan lokaci ladan ya iske ka. Mama, Anti da 'yar marainiyarmu, Allah ya ba mu haƙuri. Dogo, Allah ya ba ka ƙarfin riƙe abin da kuka fara.

Ku kuma ƙawayena, muryar wa kuke ajiye da ita a waya, kuka kasa gogewa? Ku ba ni labari a ƙasa, zan karanta duka.