Fis Ɗaya Tsakanin Jikwoyi da Maitama

Jikwoyi, 5:40 na asuba

Muna idar da sallah na sa Hajiya, mahaifiyata, a mota. Wata huɗu muna jiran wannan ranar: ƙarfe takwas za a cire mata yanar ido a wani asibiti a Maitama, kuma an ja mana kunne cewa wanda ya makara sai ya sake bin layi. Tafiyar ba ta wuce kilomita ashirin da biyar ba, amma na san halin hanyar Nyanya, shi ya sa na yi sammako. Ko shayi ba ta sha ba, haka likita ya ce.

Kugbo, 6:55

Mun sha cunkoson Nyanya, mun wuce shingen jami'an tsaro lafiya, sai ruwa ya kece. Ina kunna waifa mai share gilashi ta yi shara biyu, ta tsaya cak a tsakiyar gilashi. Ko motar gabana ba na gani. Na lallaɓa na gangara gefen titi.

"Auwalu, me ya faru?"

"Waifa ce ta mutu, Hajiya."

"Ka duba fis. Haka injin markaɗena yake yi."

"Haba Hajiya, mota ce fa, ba injin markaɗe ba!"

Shekara talatin ta yi tana markaɗe a Zariya, ni kuwa ina taƙama da digiri da ofis a sakatariya.

Rumfar mai wayarin, 7:10

Na kutsa cikin ruwa na samo wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Bai taɓa komai ba ya girgiza kai.

"Oga, wannan babban wahala ne. Injin waifa ya ƙone. Dubu arba'in da biyar."

Na ce ya yi sauri. Ya buɗe bonet, ya kwance hannuwan waifa, ya ɓalle robar ƙasan gilashi, ya zube kusoshi a laka, sannan ya hau acaɓa wai zai ɗauko sabo. Minti hamsin ina kallon agogo, raina na tafasa. Ya dawo ya ɗaura, aka kunna. Ko motsi! Maimakon ya ji kunya, sai ya sosa ƙeya ya ce wai ƙila kwamfutar motar ce. Wallahi ban da Hajiya na ciki, da an ji mu a Mararaba. Mutum ya rubuta "ƙwararre" a allo, amma bai san inda ake fara duba wuta ba!

Har yanzu Kugbo, 8:35

Wani dattijo da ya fake a rumfar ya matso. Sunansa Baba Yohanna, direba ne a wani gida a Maitama.

"Ranka ya daɗe, an duba fis kuwa?"

Daga cikin mota na ji Hajiya ta yi gyaran murya.

Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe ɗan akwati, ya bi zanen da ke bayan murfin da yatsa. Ya zaro wani fis ruwan ɗorawa mai lamba ashirin, ya haska shi da waya.

"Ka ga siririn ƙarfen ciki? Ya tsinke, ga baƙi."

Ya ciro na ajiya mai lamba iri ɗaya a gefen akwatin, ya danna. Waifa ta tashi. Minti uku! Na sa mai wayarin ya mayar min da tsohon injina, yana gunaguni wai sai na biya kuɗin aiki. Ban ko kalle shi ba.

Maitama, 9:40

Mun sauke Baba Yohanna a ƙofar gidan aikinsa, ya ƙi karɓar komai. A asibiti na roƙi ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya har muryata ta dushe.

"Yi haƙuri, Alhaji. An rufe jerin yau. Sai bayan wata uku."

Ba laifinta ba ne, shi ya fi ƙona min rai. Na sayo wa Hajiya shayi da burodi, ta ci a mota.

Jikwoyi, 12:15

Mun iso gida lafiya, mun gode Allah, kuma Allah ya saka wa Baba Yohanna da alheri. Mai wayarin na bar shi da Allah. Da zan fito da Hajiya sai ta miƙo tafin hannu.

"Ba ni mataccen fis ɗin."

Na ba ta. Ta shafa shi da yatsu, ta ƙulle a bakin mayafi.

"Me za ki yi da shi, Hajiya?"

"In an buɗe min ido, ina so in ga girman abin da ka raina."