Buhunan Kanwa Huɗu Daga Shinkafi

Ko da zan yi shekara ɗari a duniya, ranar Alhamis ɗin nan ba za ta fita daga zuciyata ba. Har yau idan na ga ana loda buhu a mota sai na ji gabana ya faɗi.

A lokacin ina tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi. Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, kowa yana taka-tsantsan. A ɓangaren Zurmi kuma rikici ya fara tsami tsakanin manoma da makiyaya a kan wani burtali da aka nome. An yi sare-sare, an ƙone rumbuna biyu, amma har lokacin faɗan sanda ne da adda. Mahaifiyata tana zaune a ɗaya daga ƙauyukan yankin, kuma Fulanin da ke rugar bayan gidanmu tare muka tashi da 'ya'yansu.

Bayan Azahar ina tashar Shinkafi, sai wani mutum mai tsabta, da farar riga da carbi, ya kawo buhu huɗu a amalanke. Ya ce kanwa ce daga Nijar, in sauke masa a mararrabar da ake ratsewa zuwa Zurmi, akwai masu jira, shi zai biyo ni a babur. Ban tambayi komai ba. A lokacin gani nake aikin direba ya ɗauka ya sauke, shi ke nan.

Fasinjana ɗaya ne a gaba, wani tsoho ɗan unguwarmu da ya je ganin jikarsa. Duk gari an san ya yi aikin ɗan doka zamanin Turawa. Mun yi tafiya kaɗan, muka faɗa wani rami, kayan baya suka yi tsalle. Tsohon ya karkata kunne. Da muka sake faɗa wani ramin sai ya dafa hannuna.

"Ɗana, mi ka ɗauko?"

"Kanwa ce, Baba."

"Kanwa ba ta wanga kuka. Tsaya."

Na tsaya a gindin wata tsamiya. Ya sa na farke bakin buhu ɗaya. Kanwa ce a sama, kamar kamu guda. Da na zura hannu sai na taɓa tsumma mai maiƙo, a ciki kuma ƙarfe mai sanyi. Na janyo, sai ga bakin bindiga. Ba irin ta maharba ba ce, irin ta sojoji ce. Na zauna a ƙasa ina salati.

"Shekara tara na yi ina bin Bature bisa doki, muna kewaya iyakar Faransa, Nijar ta yanzu, muna neman waɗanga abubuwa," in ji tsohon. "Cikin gishiri munka same su, cikin fatu munka same su. Shi Bature tsoronsa kar a harbe shi ne. Ni kuwa na ga garin da sunka shiga ba mu sani ba. Kwana ukku muna gina kabari."

Na ce, "Baba, mu zubar da su nan mu gudu."

"Mai su ya tsince su, ya kuma san fuskarka."

Kafin in ba shi amsa muka ji ƙarar babur. Tsohon ya jefa bargonsa a kan buhun da na farke, ya ce in buɗe gaban mota. Mai farar riga ya tsaya, ya dube ni, ya dubi kayan.

"Direba, lafiya?"

"Ruwan mota ne ya tafasa, Alhaji," na ce, muryata kamar ba tawa ba.

Ya daɗe yana kallon zufar da ke zuba a fuskata. Hannunsa na dama yana cikin aljihun rigarsa, bai fitar da shi ba. Tsohon kuwa ya jingina da buhun yana ɓare goro, har ya miƙa masa rabi. Mutumin ya ƙi karɓa. Ya ce zai wuce ya jira mu a mararraba, kada mu daɗe.

Da ya ɓace, tsohon ya ce, "Ba za ka tsaya a mararraba ba. Ƙaura za mu, gaban hukuma."

"Su ce nawa ne fa? Su ɗaure ni? Ina da mata da goyo!"

"Kana da uwa kuma can inda za a kai su. Kuma ba ka san hannun wa za su shiga ba, na manoma ko na Fulani."

Wannan maganar ce ta tayar da ni. Na shiga mota na tayar da ita.

Daga nesa na hango su a mararrabar, mutum biyar da babura uku a inuwa. Mai farar riga ya ɗaga hannu. Na rage gudu kamar zan tsaya, sai na taka mai har ƙasa. Na ji ihu a bayana. A madubi na ga babura biyu sun biyo mu. Motar tana girgiza kamar za ta tarwatse, tsohon yana ta maimaita "Hasbunallahu", ni kuwa ina jiran jin harsashi a ƙeyata. Ɗaya ya zo dab da ƙofata, har na ga jan idonsa, sai wata babbar mota ta taho daga gaba ta tilasta masa sauka gefe. Ba su juya ba sai da shingen jami'an tsaro na bakin Ƙaura ya bayyana.

Na fito na ɗaga hannuwa sama tun kafin a tambaye ni. Bindiga goma sha ɗaya aka fitar, da harsasai a ƙulle cikin leda. Kwana shida na yi a tsare ana yi mini tambaya ɗaya ta fuska goma. Kullum tsohon nan yana zaune a bakin ƙofar ofishin da sandarsa, yana cewa shi ne shaida, in za a ɗaure ni a haɗa da shi. Daga ƙarshe aka sake ni. Mai farar riga ba a taɓa kama shi ba, shi ya sa na bar hanyar Shinkafi, na yi shekara biyu ina waiwaye duk lokacin da babur ya tsaya a bayana.

Tsohon ya rasu kafin abin da ya auka wa yankinmu daga baya, lokacin da bindiga ta yi yawa har ƙauyenmu ya tashi. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko wahalar da muka sha ta yi amfani. Amma mahaifiyata ta yi sauran shekarunta a ɗakinta, ta rasu a kan shimfiɗarta.

Abin da na koya shi ne, bindigogin da suka cinye garuruwanmu ba da ƙafarsu suka ƙetaro iyaka ba. A motocin mutane irina suka shigo, masu salla da iyali, waɗanda aka ce musu kanwa ce suka ce to. Tun daga ranar, duk wanda ya ba ni kaya sai ya kwance na gani, ko da limamin unguwarmu ne.