Amalanken Surukina a Layin Mai

Na shiga aikin gidan mai lokacin da furfura ta fara leƙowa a gemuna, bayan fataucin gero ya cinye jarina ya bar ni da buhunan wofi. Gidan man yana bakin titin da ya fita daga Daura ya nufi Mai'adua: famfo biyu, rumfar kwano, da ɗan ofishin da manaja yake zama a gaban fanka. Mu biyu ne masu zuba mai, ni da wani abokin aikina mutumin Dutsi, mai baki kamar reza. Mai gidan man kansa ban taɓa ganinsa ba sai a jikin kalanda.

Ranar farko manaja ya ce mini aikina zuba mai ne kawai, ko makaho zai iya. Kafin sati ya zagayo na ga sauran. Ni ne mai shara da sassafe, ni ne mai korar awakin da ke kwana a gindin famfo, ni ne mai wanke babur ɗin manaja da cika masa buta. In an ɗauke wuta, ni nake juya hannun famfo har kafaɗata ta yi tsami. In tanka ta sauke mai, ni nake zura sandar awo a tankin ƙasa in faɗi inda man ya tsaya. In kasuwa ta mutu kuma, a tura ni bakin titi in riƙa yi wa motoci hannu kamar mai neman a rage masa hanya.

Albashi kuwa akwai shi, don na sha ganinsa. Duk ƙarshen wata manaja zai ɗora shi a kan tebur, sannan ya fara yi masa aski a gabana. A cire kuɗin rigar aiki, wadda wani ya riga ni tsufar da ita. A cire kuɗin giɓi, wato in abin da famfo ya ce an sayar ya fi abin da na miƙa. A cire na takardar kuɗin da ta yage, da na ranar da na makara saboda jana'iza. Abin da ya saura in sa shi a aljihun gaba, ko nauyinsa ba na ji.

Da na yi ƙorafi, manaja ya dube ni da tausayi.

"Malam, da girmanka? Wa ka taɓa ji ya riƙe gida da albashin gidan mai? Ka buɗe idonka."

Na buɗe. Na koyi cewa "babu canji" da fuskar mai gaskiya, na koyi karɓar na goro da hannu ɗaya ina riƙe da tiyo da ɗayan. Amma babban albashin mai zuba mai yana zuwa ne ranar da aka shiga wahalar mai.

In mai yana wadace, sunana "Kai, mai mai." In ya yi wuya, sai in wayi gari na zama Yallaɓai. Mahauci ya ƙara mini tsoka, mai shayi ya rantse ba zai karɓi kuɗina ba, a masallaci a matsa mini wuri a sahun gaba. Wani attajirin unguwarmu da bai taɓa amsa gaisuwata da baki ba ya tako har ƙofar gidana ya yi mini sannu da ciwon ƙafar da na yi bara. Ni kuma, da ƙarancin karatuna da ƙarancin wayona, na ɗauka ni ake girmamawa.

A wata shekara wahalar man ta zo a ƙarshen rani, zafi ya fara sauka. Sai aka kafa doka cewa kada a sayar wa kowa mai a jarka ko galan, wai don kada a tsallaka iyaka da shi. Masu tsallakawar ba su ko girgiza ba. Suka kai motocinsu wurin masu walda aka ƙara musu tanki a ƙarƙashin kujera. Za ka zuba wa ƙaramar mota mai har hannunka ya gaji ba ta ƙoshi ba, kuma ba a karya doka ba, tunda tanki ne. Tsohuwa mai injin niƙa in ta zo da ɗan galan ɗinta, ita muke karanta wa doka daga farko har ƙarshe.

Mahaifin matata manomin rani ne a wani ƙauye mai fadama, ba nisa da mu. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, ni kuma ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba. In na je gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in kafa idona a ƙasa. In muka hango juna a kasuwa, kowa sai ya tuna yana da wani uzuri a ɗaya layin. Bai taɓa roƙona komai ba, kuma ba zai taɓa ba, ko da wuta ce ta kama rigarsa ni kuma ina riƙe da tulu. Duk shekara dai in ya cire albasa, sai a kawo mana buhu guda a amalankensa mai shanu biyu, a ajiye a ƙofar gida.

Shekarun baya ya rushe jigonsa, wannan dogon itacen da ake jan ruwa da shi daga rijiya, ya sayi injin ban-ruwa mai shan fetur. A shekarar da nake magana damina ba ta yi kyau ba, geronsa bai cika rabin rumbu ba. Albasar da ke lambu ita ce abincin gidansa har zuwa wata kakar, kuma tana daidai lokacin da take yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishi.

Wata safiya ina ɗaura takalmi matata ta miƙo mini koko, ta tsaya tana gyara bakin zanenta.

"Malam, an ce injin su Baba kwana biyu bai tashi ba."

"Lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa lau."

Na gane sarai. A irin gidajenmu wannan roƙo ne da babbar murya, ba za a yi wanda ya fi shi ba. Na ce, "Allah ya kawo sauƙi," na shanye kokona. A raina na ce zan duba. Amma a kwanakin nan mutane da yawa nake ce wa zan duba, har bakina ya saba.

Washegari tanka ta zo. Kafin hantsi layi ya miƙe har bayan gonakin da ke gefenmu, motoci da babura da masu rungume da tankin janareto kamar jarirai. Ina cikin zubawa sai na ji dariya tana tahowa daga ƙarshen layi, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Abokin aikina ya hau kan dakalin famfo ya leƙa, ya sauko yana murmushi.

"Yau mun yi manyan baƙi. Shanu ne a layi."

"Shanu kuma?"

"Da amalanke. Kuma in idona bai yi mini ƙarya ba, jan sa ɗin nan na taɓa ganinsa a ƙofar gidanka da buhun albasa."

Na leƙa ta tsakanin motoci. Shi ne. Ya ji an ce ba a sayarwa a galan sai a tanki, sai ya kwance injin daga bakin rijiya, ya ɗaure shi a amalanke, ya taho da tankin gaba ɗaya yadda doka ta ce. Bai zo gaban famfo ba, bai aiko kowa ba. Ya ja shanunsa ya tsaya a bayan motar ƙarshe, da malafarsa a ka. Ina jin wani direba yana ce masa, "Baba, su ma shanun fetur suke sha yanzu?" Ya yi murmushi, ya gyara malafarsa.

Na koma ɗaya gefen famfon, inda ƙarfen zai kare ni.

"Je ka jawo shi gaba mana," in ji abokin aikina. "Tankin injin nan bai fi cikin buta biyu ba. Abin da ke ɗiga a ƙasa a yini ya fi shi."

"Ka san al'ada. Yaya zan tsaya a gabansa da wannan riga, kai babu hula, in miƙa hannu in karɓi kuɗinsa? Kunya ai ba za ta bar mu ba, ni da shi."

"To ni ba surukinsa ba ne. Riƙe mini famfona in je."

"Bari layi ya ɗan ragu. Kada a ce mun yi son kai."

Ya dube ni, ya dubi motar da nake cika wa ciki, wadda mai ita ya tsallake mutum fiye da yadda zan iya ƙirgawa bayan ya cusa mini abu a aljihu.

"Lallai kam," in ji shi. "Kada a ce."

Kunyar da na faɗa gaskiya ce, ina jinta. Amma na lura ba ta taɓa hana ni abin da nake so ba, sai ranar. Mutanen da ke gabana duk sun biya na goro, kowa yana kirana Yallaɓai, kuma ban so su ga Yallaɓai ya cire takalmi ya durƙusa a cikin ƙura gaban mai amalanke. Na ce wa kaina layi zai kawo shi da ƙafarsa kafin la'asar, a lokacin sai in shiga bayi abokin aikina ya zuba masa, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Layin yana tafiya, amma yana kumbura a tsakiya, don duk mai abin miƙawa yana samun ƙofa. Azahar ta yi, na hango shi ya kwance shanun ya ba su ruwa a wani kwano, ya yi salla a inuwar amalanken. Da la'asar saura motoci kaɗan a gabansa. Sai manaja ya leƙo ta taga ya kira ni.

"A rufe. Mai ya ƙare."

"Ranka ya daɗe, yanzu na zura sanda. Akwai saura da yawa."

"Na tambaye ka abin da sanda ta ce? Wanda ya rage da masu shi, sun biya tun jiya. Je ka gaya wa jama'a."

Wannan ma yana cikin aikina, don na fi abokin aikina murya. Na bi layin ina cewa, "Jama'a a yi haƙuri, mai ya ƙare," ana tsine mini cikin ladabi, don kowa ya san zai dawo gobe. Da ya rage mota biyu tsakanina da amalanken, sai na tsaya, na juya baya yadda tarbiyya ta koya mini. Shi ma da ya hango ni ya sunkuya yana duba kofaton sa, kamar ƙaya ta shige shi. Duk wanda ya gan mu a lokacin zai ce ga surukai masu mutunci. Ina jin ƙarar ƙafar amalanken yana juyawa, ban waiga ba.

Akwai galan guda da nake ɓoyewa a bayan ofis, rabona na duk ranar da tanka ta zo. Na yi niyyar in aika masa da shi da safe. Kafin in tashi aiki wani ɗan bumburutu, cikin masu sayar da mai a kwalba a bakin titi, ya taya shi da kuɗin da ya kusa rabin albashina. Na sayar masa, na ce a raina ai wata tankar tana hanya, gobe ko jibi. Tankar ba ta zo ba sai da aka daɗe.

Labarin lambun a bakin matata na riƙa jinsa, gutsure-gutsure, tana faɗa wa tukunya ko bango. Ya sare itace ya sake kafa jigo. Da shekarunsa ya koma jan guga daga asuba zuwa faɗuwar rana, amma hannu ba ya shayar da abin da aka shuka don inji. Ya zaɓi ɗan gefen da ke kusa da rijiya ya bar sauran ya ƙone. Kafin damina ta faɗi abinci ya ƙare a gidan, ya kai jan sa ɗin kasuwar Mai'adua ya sayar. Sa ɗaya ba ya jan amalanken, sai aka jingine shi a bayan danga.

Mai ya dawo, layi ya watse. Mai shayi ya tuna da duk kofin da na sha, attajirin unguwarmu ya koma amsa gaisuwata da gira. A ƙarshen watan manaja ya cire mini kuɗin giɓi kamar kullum.

Buhun albasa bai zo ba a shekarar. Matata ce ta je ƙauyen ta dawo da ƙwarya a ka, ta sauke a gabana. Albasa ce ƙanana, ba su fi goro ba.

"Baba ya ce a kawo maka. Ya ce a yi haƙuri, bana ba su samu ruwa ba."

Ta ɗauko wuƙa ta zauna inda zan riƙa ganinta, tana ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan albasa sai ka ɓare da yawa kafin ta ishi miya, kuma ba ta yi sauri ba.

Da Juma'a na je gaishe shi, da niyyar in ce wani abu. Na cire takalmi, na durƙusa. Tafin hannunsa duk ya fashe da igiyar guga.

"Yaya aiki?" in ji shi, yana kallon wani wuri.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Aikin jama'a sai haƙuri. Allah ya yi albarka."

Na ce amin. In na ɗauko maganar layin mai, na nuna ke nan na gan shi a ranar, shi ma ya gan ni, kuma na tona cewa ya zo neman abu a wurin mijin 'yarsa. Wannan ba a yi wa suruki. Na ci gaba da zuwa gaishe shi duk Juma'a har shekarar da ya rasu, yana tambayata aiki ina cewa alhamdu lillahi. Amalanken yana nan a bayan dangar, ina wuce shi in zan shiga, ina wuce shi in zan fita, har gara ta cinye katakon.