Hanjin da na wanke wa Judith

Judith ƙawata ce tun muna yara a Abbare. Ni na tsaya a firamare, na kama sayar da farfesun kayan ciki a bakin Kasuwar Jalingo. Ita ta zama malamar kimiyya a sakandare, amma kullum aka tashi daga makaranta sai ta zo ta zauna a bencina da jan takalminta.

A nan ta koya mini cewa cikin hanji ba sumul yake ba. Akwai ƙananan yatsu, a kansu kuma wasu gasu da ido ba ya gani, su ke tsotse amfanin abinci.

"Me ke hana su kwanciya?" na tambaye ta.

"Wani zare ne a ciki, aktin. Kamar dirkokin da ke riƙe zana. In babu shi, Fanta, ki ci bijimi guda, ki tashi da yunwa."

Ni kaɗai take yi wa wannan hira.

Wata rana ta ce in samo mata hanjin akuya, za ta nuna wa ɗalibai a madubin ƙara girma. Na zaɓi mai kyau, na juya shi, na murje da gishiri da ruwan zafi har ya yi fari tas. Zan ba Judith abu da ƙazanta?

Ta duba, ta riƙe ciki don dariya. "Ƙawata, kin wanke darasin gaba ɗaya!"

Washegari Joan, sabuwar malama a makarantarsu, ta je mayanka ta kawo mata ɗanye, yana wari. Daga nan su biyu suke zuwa bencina. Su ci farfesuna, su yi ta maganar aktin da Turanci, ni ina miƙa barkono. Judith ba ta rage mini komai ba, na sani. Amma dariyar da suke yi ba da ni ba ce.

Bara ciwo ya kwantar da Judith, ta rame, ta tafi. Aka yi jana'iza a cocinsu a Kona. Na zauna a waje ƙarƙashin rumfa tare da sauran Musulmi, ina jiran a ce ƙawarta ta yi magana.

Aka ce. Joan ta tashi.

Shekara biyu ta san ta. Ba ta san Judith na tsoron agwagwa ba, ba ta san ni na yi mata kitson aure ba. Na kasa kunne ko za ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Ta yi magana mai kyau, har ni na yi kuka, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.