Haƙorin da ke gwada inji

Tsohon tela ne. Da ya ajiye keken ɗinki sai ya koma ƙera ƙananan jiragen sama na wasa a kan teburin cin abinci, iyalin gidan kuma suka koma ci a tabarma.

Jiragen nasa suna tashi ne da ɗan injin lantarki da ake kira marar burushi, wanda girmansa bai wuce murfin kwalba ba. A ido duk injinan ɗaya suke. Bambancin yana ciki, in ji shi: wani boris ɗinsa, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, na karkarwa, wani an yi rowar gam wajen manna maganaɗisunsa, wani kuma sandar tsakiyarsa a karkace ta fito daga masana'anta. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da baki yake gwaji. Sai ya ciji gindin injin, ya haɗa batir, ya lumshe ido. Mai kyau lumui yake juyawa. Na banza kuwa har cikin ƙwaƙwalwa yake jin sa.

Haka haƙoransa suka yi ta tafiya, har saura guda a sama mai abin cizo a ƙasansa. Likitan haƙori ya gaya wa 'yar telan cewa girgiza kaɗan ta isa ta fitar da shi. Tela ya gwada haƙoran roba, ya ce ba sa jin komai.

Ana nan sai surukinsa, mijin 'yar tasa, ya kawo masa tsarabar injina huɗu masu araha. Tela ya roƙi matarsa ta ara masa bakinta. Ta ce da haƙoranta ta shigo gidan nan, da su za ta fita. Surukin ya ciza don kunya, ya ce shi dai cakulkuli yake ji.

“Kai dai ba a mori haƙoranka ba,” in ji tela, ya karɓe ya ciza da kansa.

Na farko ya ci jarrabawa. Na biyu yana fara juyawa haƙorin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon kusoshi. Tela ya tofar da jini, ya ce boris ne, a mayar wa mai kanti.

Sauran biyun suna cikin ledarsu, don ba ya ɗaura wa jirgi abin da ba a gwada ba. Ya ce surukin zai koya, haƙori cike da baki ai ba na ado ba ne. Tun daga ranar, in surukin ya kawo 'yar gida, daga bakin ƙofa yake gaisuwa.