Ranar Da Murfin Yogot Ya Ƙaryata Ni

Na daɗe ina sayar da kayan sanyi a Mayo Gwoi, na ga abubuwa iri-iri, amma akwai wata Laraba da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin wani kamfani ya fara kawo mana yogot mai ɗan tambari a kan murfi. Direbansu ya yi min bayani, ni kuwa hankalina na kan sauke kaya, na ɗauka ado ne kawai. Sai aka ɗauke wuta kwana biyu, janaretona kuma ya ƙi tashi. Da wuta ta dawo, firiza ta sake ɗaukar sanyi, na buɗe roba ɗaya na shinshina, ban ji tsami ba. Na ce a raina shi ke nan.

Da hantsin Larabar wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ɗauki roba huɗu, ta ce mahaifiyarta za ta kai wa, jiya aka sallamo ta daga asibiti.

"Adda, wannan bai kwana cikin zafi ba ko?" ta tambaye ni.

"Wallahi tun da aka kawo shi yana cikin sanyi," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

Ba ta musa ba. Wayarta ta ɗora a kan murfin, sai fuskar wayar ta koma ja. Ta karanto min a gaban mata uku da ke jira: ya daɗe cikin zafi, kada a sha. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, duk ja.

Abin da bakina ya iya furtawa shi ne, "Ina batirin tambarin?"

"Ba shi da batir, Adda. Wayar ce ke ba shi wuta in ta matso. Akwai abin da zafi ke sauyawa a cikinsa, kuma ba ya komawa."

Nan na tuna maƙwabciyata ta sayi roba shida da safe don 'ya'yanta. Na bar shagon a buɗe, na ruga gidanta da takalmi ƙafa ɗaya. Na tarar biyu daga cikin yaran sun riga sun sha. Da yamma ƙaramar ta kama amai da gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Ni na riƙe hannunta a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗar yarinyar, ragowar yogot ɗin kuma na tuttular a kwata.

Har yau ba tambarin ne ya fi girgiza ni ba, sai yadda rantsuwar ta fito daga bakina da sauƙi. Na koyi cewa abin da mutum zai kai cikinsa amana ce a hannun mai sayarwa. Tun daga ranar, in ban tabbatar ba, sai in ce ban sani ba.